Nutso da tukunyar iska a tafkin kan dutse kai kaɗai: yadda ake shirya shi daki-daki

Tambaya ɗaya ke ta dawowa daga ƴan'uwanmu na Damagaram da suka koyi nutso da tukunyar iska a waje, yawancinsu ɗaliban da suka yi karatu a Masar, Maroko ko Dakar, da wasu daga cikin ƴan kwana-kwana: in mutum ya samu tafki a kan dutse kuma ba shi da abokin shiga, yaya zai yi? Wasu tafkunan tsaunukan Atlas suke nufi, irin su Agelmam Sidi Ali na Maroko da ke sama da mita 2,000. Wasu kududdufan haƙar kuza na Jos suke tunani. Wasu kuwa hotunan tafkin Titikaka na Kudancin Amurka suka gani, ransu ya biya.

Aiki uku aka haɗa cikin tambayar nan: nutso a tudu, nutso cikin ruwan sanyi, da nutso babu aboki. Kowanne da karatunsa, kowanne kuma ya isa ya halaka mutum ba tare da taimakon sauran biyun ba. Ɗaya bayan ɗaya ake koyonsu, a hannun malami, sa'annan a haɗa. Abin da ke tafe jerin matakai ne domin wanda ya riga ya san ruwa, ba zai maye gurbin malami ba.

1. Malami da likita tukuna

Nijar ba ta da teku, don haka takardar farko a waje ake samo ta. Mutumin Damagaram na iya zuwa Bahar Maliya, a Dahab ko Hurgada na Masar, ko kuma Dakar. Karatun matakin farko, na ƙungiyoyin koyar da nutso irin su PADI ko SSI ko CMAS, ƴan kwanaki ne, yana ba ka izinin sauka mita 18 zuwa 20 tare da aboki. Daga nan sai mataki na biyu, sai karatun ceto, sai na nutson tudu wanda gajere ne. Na shiga kai kaɗai shi ne na ƙarshe. Ƙungiyar SDI da ta PADI duka ba sa karɓar mutum sai ya nuna littafinsa da nutso 100 a rubuce; SDI na neman shekara 21, PADI shekara 18.

Ɗarin nan ba don cika takarda aka sa su ba. A cikinsu ne hannu ke haddace inda kowane abu yake ba sai ido ya duba ba. In dukansu a ruwan Bahar Maliya ka yi su, mai ɗumi, wanda kake hango abokinka daga nesa, to da sauranka. Ka nemi kaso mai kyau cikin ruwa mai sanyi da duhu, tare da aboki, kafin ka yi maganar kaɗaici.

Wurin likita kuwa, gwajin da na fi matsa wa mutanenmu a kai shi ne na sikila, a yi shi tun a gida kafin a sayi tikiti. Mai SS ba ya nutso, magana ta ƙare. Mai AS, wanda da yawa ba su ma san suna ɗauke da shi ba, saifarsa na iya samun matsala a tudu mai tsawo, balle in wahala da ƙishirwa suka haɗu, saboda haka ya zauna da likitan da ya san harkar. Mai fuka, mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya, da mai juna biyu, su ma ruwan nan ba nasu ba ne.

Gargaɗi: ba a nutso da azumi a baki. Jikin da ya bushe ya fi saurin kamuwa da ciwon kumfa, wato kumfar iska da ke tashi cikin jini da gaɓoɓi bayan an fito daga zurfi, iskar tudu kuma busasshiya ce, tana zuƙe ruwan jiki ba ka sani ba. Ka sa tafiyarka bayan Salla.

2. Zaɓen tafki

Duk ruwan da fuskarsa ta haura mita 300 sama da teku, nutson tudu ake kiran shigarsa. Birnin Zinder kansa ya wuce mita 400, ke nan ko a tafkunan yankinmu irin na Gidimuni mun riga mun shiga ƙa'idar, sai dai bambancin kaɗan ne kuma ruwan ba zurfi. Jos na wajen mita 1,200, Kibu na tsakanin Ruwanda da Kongo 1,460, Tana na Habasha kusan 1,800, Ifni na Maroko wajen 2,300, Titikaka 3,812. Ka samo tsawon tafkinka daga taswira ko GPS, ba daga bakin direba ba, domin duk lissafin da ke gaba a kansa ya dogara.

Ƙa'idojin nutson shaƙatawa a mita 3,000 suka tsaya. Abin da ya wuce nan aikin ayari ne mai likita da jadawali na musamman, ba na mutum ɗaya ba. Ni shawarata, karon farko kada ya wuce tafkin da ke ƙasa da mita 2,000, wanda mota ke kaiwa bakinsa.

Sa'annan ka zauna da mutanen wurin, musamman masunta. Ka gaida mai gari, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi izini. Wasu tafkunan suna da alfarma wurin masu su, kamar Oku a Kamaru, ba a faɗa musu haka nan. Masunta ne za su gaya maka inda suka kafa taru da mamari, inda itatuwa suka nutse, inda dorina ko kada ke kwana, da lokacin da iska ke tashi. Tafkin dutse da safe lumui yake, kallon kitse ake yi wa rogo. Kafin la'asar iska ta sauko daga tsauni, komawa gaɓa ta zama aiki.

Gargaɗi: ka nisanci tafkunan bakin dutse mai aman wuta waɗanda iskar gas ke kwance a ƙasansu. A watan Agusta na 1986 tafkin Niyos na Kamaru ya saki iskar kabon da ta kashe mutum sama da 1,700. Kibu ma yana riƙe da gas mai yawa a zurfinsa. Kududdufan kuza da madatsun ruwa kuma nasu haɗarin daban: ganuwa mai zabtarewa, tsofaffin ƙarafa, da bututun jan ruwa da ke zuƙe duk abin da ya matso.

3. Kayan aiki da abin da za su ci

Mai shiga shi kaɗai duk abin da ransa ya rataya a kai biyu yake ɗauka. Babbar tukunya, yawanci mai lita 12, da ƙaramar tukunya daban mai lita 3 ko fiye, da detandarta, wato na'urar da ake shaƙar iskar tukunya ta cikinta, da ma'auninta. A kula, baki na biyu da ke rataye a babbar tukunya ba ya cikin lissafi. Domin aboki aka yi shi, in iskar tukunyar ta tsiyaye shi ma ya mutu. Kwamfutar hannu biyu, ko ɗaya da agogo da ma'aunin zurfi. Gilashin fuska na biyu cikin aljihu. Abin yanka biyu, wuƙa da almakashi, ɗaya a inda hannun dama ke kaiwa, ɗaya a inda na hagu ke kaiwa, domin ba ka san wane hannu taru zai kama ba. Sai tocila biyu, kamfas, usur, igiyar naɗi da balan-balan alama da ake turawa sama.

Detandar dole ta zama wadda aka yi domin ruwan sanyi, ruwan da ya gaza digiri 10. Ka duba tambarin EN 250 a jikinta. In ka ga an rubuta cewa sai ruwan da ya haura digiri 10, ajiye ta. Riga kuma, ta roba mai kaurin milimita 7 da hula da safar hannu ita ce mafi ƙaranci. In ruwan ya sauka wajen digiri 10, busasshiyar riga ake so, wadda ruwa ba ya shiga, ita ma da nata karatun.

Kuɗi fa? Da yake sefa na ɗaure da yuro, ɗaya a 655.957, lissafin ba wuya. Farashi na motsi daga gari zuwa gari, amma ka sa a ranka karatun farko zai ci wajen jika 200 zuwa 300, kwamfutar hannu mai sauƙi jika 130 zuwa 260, detandar ruwan sanyi jika 250 zuwa 450, busasshiyar riga kuwa daga jika 500 take farawa. In ka haɗa karatuttukan, nutso 100, kaya da tikiti, maganar miliyoyi ake yi, cikin shekaru. Wanda aljihunsa bai kai ba ya rage kwalliya, ya yi hayar tukunya da dalmar da ake ɗaurawa don ƙara nauyi. Wuri uku ne ba a tsuke hannu: ƙaramar tukunya, iskar oksijin ta gaggawa, da inshorar masu nutso irin ta DAN, wadda ka tabbatar ta ƙunshi tudun da za ka.

Gargaɗi: jirgin sama ba ya ɗaukar tukunya cike, sai babu komai a ciki kuma an kwance kanta. Ke nan a can za ka cika. Ka tsaya ka ga injin cikawar da idonka: in bututun shan iskarsa na kusa da salansar janareto, hayaƙi ya shiga tukunyarka, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari ko ɗanɗano. Tukunyar gwanjo da ba ta da tambarin gwajin matsi na kwanan nan, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

4. Isa wurin ka kwana

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sauko daga mota ya hau ɗaura kaya. Wanda ya taso daga ƙasa ya hau tudu yana ɗauke da rarar naitirojin a jikinsa, daidai da wanda ya riga ya yi nutso ɗaya. PADI na cewa a jira awa 6, jadawalin sojan ruwan Amurka awa 12. Ni kwana nake cewa, ko da tafkin bai kai mita 2,000 ba.

Daga mita 2,500 wani ciwon ke shigowa, na tudu: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, barci ya ƙi. A nan kwana biyu ko uku ake yi ana yawo a hankali, ana shan ruwa. Muddin kai na sarawa ba a shiga. Dalili biyu ne. Na farko jikin bai daidaita ba. Na biyu, in ka shiga da ciwon kai ka fito da shi, babu mai iya rarrabe ko na tudu ne ko na kumfa ne, alhali maganinsu na gaggawa ba ya jira.

5. Lissafin zurfi

Nan ne zuciyar aikin, don haka mu tsaya. A bakin teku iska na danna mu da bar 1, bar kuwa shi ne ma'aunin matsi. A mita 1,000 ta koma 0.9, a 2,000 wajen 0.8, a 3,000 wajen 0.7. Ciwon kumfa yana zuwa ne daga bambancin matsin da jiki ya sha a ƙasa da wanda ya tarar a sama. In saman ya yi sauƙi, bambancin ya ƙaru, naitirojin ya fi saurin tashi kumfa cikin jini da gaɓoɓi. Saboda haka mita 18 a kan dutse ba mita 18 ba ce wurin jikinka, ta fi.

Ga yadda ake yi. Ɗauki zurfin da kake niyya, ka raba da matsin iskar wurin. A tafkin da ke mita 2,000, mita 18 a raba da 0.8 ta ba da 22.5. Jadawalin PADI, mai nuna iyakar mintocin da za a yi a kowane zurfi, ba shi da layin 22.5, kullum kuma gaba ake matsawa, ba baya ba, sai ka ɗauki layin mita 25. A teku mita 18 na ba ka minti 56. Layin 25 minti 29 yake bayarwa. Ba a gama ba: jadawalin ya ce in ruwan na da sanyi ko aikin na da wahala a ƙara mita 4. Ka koma 26.5, wato layin mita 30, minti 20. Daga 56 zuwa 20, alhali ma'aunin hannunka 18 zai ci gaba da nunawa. Wanda bai yi lissafin nan ba zai zauna minti 40 hankali kwance, yana ganin yana da saura.

Tsawon tafkin ma gaba ake tura shi. In 1,850 ne, ka lissafa da 2,000 ko da layi na gaba a jadawalin tudu na makarantarka.

Da wannan 0.8 ɗin ake gyara sauran abubuwa biyu, amma su ninkawa ake yi. Zangon tsaro, wato ɗan tsayawar da aka saba yi a mita 5 kafin a fito, ya koma mita 4. Saurin hawa, in ka saba da mita 9 a minti, ya koma wajen 7. Ka rubuta lambobin nan uku a allon hannunka da fensir: iyakar zurfi, iyakar minti, zurfin zango.

Wani zai ce ai kwamfuta na yin duk wannan. Tana yi, in an gaya mata inda take. Wasu da kansu suke auna matsin iska, amma sai ka kunna su a bakin ruwa kafin ka shiga, su san saman da za su dawo da kai. Wasu kuma da hannu ake saita su. Tsofaffin Suunto, alal misali, suna da A0, A1 da A2, na ƙarshen ya kama daga mita 1,500 zuwa 3,000. Ka karanta littafin taka tun a gida. Ka kuma tabbatar ka sa ta a ruwan daɗi in tana da wannan zaɓin. Lissafin takarda shi ne zai nuna maka in kwamfutar ta ba ka mintocin da suka yi yawa.

Gargaɗi: tsohon ma'aunin zurfi mai allura, wanda ba a iya mayar da shi sifili, a tudu ƙasa da gaskiya yake nunawa. Kana mita 12 ya ce maka 10. Kada ka dogara da shi.

In wurin na sayar da naitiroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin, mai kashi 32, kuma kana da takardarsa, ka yi amfani da shi amma ka lissafa kamar iska ce zalla. Rarar da ka samu ta zama garkuwarka, ba ƙarin minti ba. Nutso biyu ne iyaka a yini, mai zurfin a fara da shi. Nutson da ke buƙatar tsayawar dole a hanyar hawa kuwa, kai kaɗai a kan dutse, babu shi a cikin jagoran nan sam.

6. Lissafin iska

Tukunya mai lita 12 a bar 200 na ɗauke da lita 2,400. A kasa ta uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. Ke nan allura na kaiwa wajen bar 130 ka juya, ka fito da akalla 65 zuwa 70. Mai shan lita 20 a minti a sama, a mita 18 na tafkinmu inda matsi ya kai wajen bar 2.6, lita 52 yake sha. Kashi ɗaya, lita 800, minti 15 ke nan. Amma jadawali minti 20 ya ba ka gaba ɗaya, don haka minti 10 ne lokacin juyawarka. Tsakanin agogo da allura, wanda ya riga kaiwa shi ake bi.

Ƙaramar tukunya mai lita 3 a bar 200 na da lita 600. Mutumin da ya firgita yana shan ninki biyu, a ce lita 40. Minti ɗaya a ƙasa yana warware matsala ya ci 104, hawa zuwa mita 4 ya ci wajen 150, zangon minti 3 ya ci 144, ƙarasawa sama 40. Jimilla wajen 440. Ta isa, amma ba da yalwa ba, shi ya sa mita 18 ta zama iyakar da nake ba mai irin wannan tukunya. Ba a kuma shan ta don ƙara minti.

7. Mutumin bakin ruwa

Kai kaɗai a cikin ruwa ba ya nufin kai kaɗai a tafkin. Duk wanda ya ga masu yasar rijiya a ƙauyukan Mirriya ya san mai sauka ba ya sauka sai da wani a baki riƙe da igiya, idonsa a ƙasa. Mutuminka ba sai ya iya nutso ba, amma sai mai hankali, wanda ba zai tafi neman shayi ba.

Ka ba shi takarda a hannu: ƙarfe nawa ka shiga, ƙarfe nawa za ka fito, ta wace fuska ka nufa, wa zai kira in minti 10 suka wuce bai gan ka ba. Lambar asibiti mafi kusa, lambar ɗakin matsi mafi kusa, wato inda ake maganin ciwon kumfa, da awa nawa ne zuwa can, da lambar inshora, duk a rubuce. Ku gwada waya a bakin ruwan, domin kwarin dutse na cinye layi. Ku tsaida ma'anar alamu: balan-balan ɗaya, ina hawa lafiya, usur ko kaɗa hannu, a zo. Mota ta juya hancinta wajen hanya, da mai a ciki, makulli a hannunsa. Ka koya masa buɗe tukunyar oksijin da ɗora abin shaƙa a fuska, ya yi da hannunsa kana kallo.

Ka kuma gaya masa a fili: in ban fito ba, kada ka faɗa ruwa nemana.

Gargaɗi: in ɗakin matsi ya fi yini guda nisa, ka rage zurfi da minti sosai, ko ka bar tafkin. Babu kunya a ciki.

8. Gwaji a bakin tafki

Babu abokin da zai duba ka, saboda haka da baki ake yin binciken, ana taɓa kowane abu ana kiran sunansa. Buɗe tukunya har ƙarshe. Dubi allura kana jan numfashi uku; in ta yi rawa, kan bai buɗe sosai ba. Haka ga ƙaramar. Hura rigar iska, wadda ke daidaita nutsewa da tasowarka, ka sace. Taɓa wuƙa, taɓa almakashi, taɓa maɓallin sakin dalma.

In sanyin wurin ya kusa ƙanƙara, kada ka yi ta shaƙa a detanda a waje. Danshin bakinka na daskarewa a ciki, ta maƙale a buɗe. Ka yi gwajin bayan ka tsoma ta cikin ruwa.

Dalmar da ka saba da ita a teku ba ita ce ta nan ba. Ruwan daɗi bai kai na gishiri ɗaga mutum ba, yawanci ana rage kilo 2 zuwa 3, amma riga mai kauri na ƙara buƙata, robar kuma na ɗan kumbura a tudu. Gwaji ne kawai ke raba gardama: a ruwa mara zurfi, rigar iska a sace, numfashi na daidai a ƙirji, ruwa ya tsaya maka a ido. Sai ka ƙara wajen kilo 2 domin nauyin iskar da za ka shanye.

9. Cikin ruwa

A mita 3 ka tsaya. Koma kan ƙaramar tukunya, ja numfashi biyar, dawo kan babbar. Dubi kwamfutocin biyu ko sun yarda da juna. Ɗauki kamfas ɗin gaɓa. Sa'annan ka bi gangaren ƙasa ko igiya, ba a sauka tsakiyar ruwa inda ido ba ya kama komai.

Akwai wurin da ruwan ke canza hali. Za ka ga gabanka ya yi ɓalɓal, sai sanyi ya kama goshi da leɓe lokaci ɗaya, haske ya koma kore mai duhu. Ruwan sama mai ɗumi ne ya ƙare a nan. A tafkunan ƙasashen sanyi abin da ke ƙasa yakan sauka har digiri 4. Numfashi zai so ya yi sauri. Tsaya, riƙe dutse, ka bar shi ya lafa kafin ka ci gaba. In ka ji yatsunka sun fara kasa danna maɓallin riga, ko rawar ɗari ta fara, nutson ya ƙare ko minti nawa suka rage. Ruwa na kwashe zafin jiki fiye da iska ninki ashirin da ɗoriya, hannun da ya sandare kuwa ba ya buɗe wuƙa.

Ƙasan tafki laka ce mai laushi da ta shekara tana kwanciya. Bugu ɗaya na takalmin iyo ya tashe ta, ka daina ganin hannunka. Ka tsaya mita ɗaya sama da ita, gwiwa a lanƙwashe, bugu ƙanana. In ta tashi, kada ka yi ta juyi. Ɗan hau kaɗan, dubi kamfas, fita a miƙe.

Taru ko zaren ƙugiya in ya kama ka, yawanci a kan tukunya yake kamawa, inda ba ka gani. Juyawa na ƙara naɗe shi. Tsaya cik, dubi iskarka, ja baya kaɗan ta inda ka shigo, lalubo zaren da hannu, yanke. Detanda in ta maƙale tana ta feso iska, koma kan ƙaramar tukunya ka fara hawa nan take. Kogo, mota da ta nutse, ƙarƙashin ƙanƙara, duk wurin da ba a iya hawa kai tsaye zuwa sama, ba a shigarsa babu aboki.

10. Hawa

A teku iskar da ke cikin riga da huhu tana ninkawa tsakanin mita 10 da sama. A tafkin mita 2,000 daga wajen mita 8 take ninkawa. Mitocin ƙarshe ke nan sun fi sulɓi: riga na kumbura da sauri, ta ja ka sama kafin ka ankara. Ka riƙa sace iska tun kafin ka ji an fara ɗaga ka, kada kuma ka riƙe numfashi ko na daƙiƙa ɗaya. Tura balan-balan, ka bi igiyarsa. Zangon mita 4 a nan wajibi ne, minti 3 mafi ƙaranci, 5 ya fi. Daga zango zuwa sama ka ci minti guda cur.

Da kai ya fito, hura riga ta cika, ka kwanta a bayanka. A ƙasa jiki na samun oksijin a wadace saboda matsi. A sama ya faɗo cikin siririyar iskar tudu lokaci ɗaya. Wanda ya hau iyo da ƙarfi a wannan lokacin haki na iya kama shi, jiri ya biyo baya, har suma. Ka huta, ka ba mutuminka alama, sa'annan ka nufi gaɓa sannu.

11. Bayan fitowa da hanyar gida

Cire rigar, shafe jiki, sa kayan ɗumi, sha ruwa. Kada ka ɗauki tukunya ka hau gangare da ita. Aikin ƙarfi bayan nutso na tayar da kumfa, ka biya a ɗaukar maka. Wanka da ruwan zafi ma a jinkirta shi. Rubuta zurfi, minti da lokacin fitowa tun ba ka manta ba, likita zai nema in wani abu ya taso.

Hanyar komawa tun a mataki na biyu ya kamata ka duba ta. Tafkuna da yawa cikin kwari suke, mota sai ta hau ƙetaren da ya fi tafkin tsawo kafin ta gangara. Hawan nan daidai yake da shiga jirgi. Ƙa'idar DAN ga jirgi ita ce awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso fiye da ɗaya ko na kwanaki a jere. Ka yi wa ƙetaren dutse wannan ƙa'idar, jirgin komawa Yamai kuwa ka ba shi awa 24.

Alamun ciwon kumfa yawanci cikin awannin farko suke bayyana, amma suna iya kaiwa yini: ciwo mai zurfi a kafaɗa ko gwiwar hannu, ƙaiƙayi da ɗigo-ɗigo a fata, mutuwar gaɓa, jiri, kasala da ta wuce misali, fitsari ya ƙi fita. Masu nutso sun iya yi wa kansu ƙarya a nan, a ce ai tukunya ce ta danne kafaɗar. Ka riga ka gaya wa mutuminka alamun, ka ba shi ikon yanke hukunci. A kwantar da kai, a sa oksijin zalla, ka sha ruwa in kana cikin hayyacinka, a kira lambobin takardar, a gangara ta hanyar da ba ta hawa. Ko alamun sun lafa da oksijin, sai likita ya gani. Ba a komawa cikin ruwa da sunan magani.

In ruwan da ka shiga na Afirka ne mai ɗumi, kamar Tana, Biktoriya ko Malawi, ko tafkunanmu na gida, akwai tsargiya. Bayan wata biyu zuwa uku da dawowa ka je a gwada jini, fitsari da bayan gida, ko ba ka ga jini a fitsari ba, ka kuma gaya wa likitan sunan tafkin da ranar da ka shiga.